3.2 Wa'azin Martin Luta na 1522: Maganar Allah ko Tilas

Wannan fasali zai duba wa'azi guda takwas da Martin Luta ya yi a garin Wittenberg na ƙasar Jamus, daga ranar 9 zuwa 16 ga Maris, 1522, domin a ga matsayinsa game da yin tilas a cikin addini.

Bayan zaman majalisar Worms a shekarar 1521, inda Luta ya ƙi janye rubuce-rubucensa, Sarkin Saksoni, Frederick, ya sa aka ɓoye shi a fadar Wartburg. A can ne ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci. Yana can ɓoye sai abokin aikinsa, Andreas Karlstadt, ya kama ragamar gyara a Wittenberg. A ranar Kirsimeti ta 1521 Karlstadt ya gudanar da Jibin Ubangiji ba tare da tufafin firistoci ba, ya kuma ba jama'a gurasa da ƙoƙo duka biyu. A watan Janairu na 1522 majalisar gari ta ba da umarnin a kawar da siffofi daga majami'u, amma kafin a zartar da shi cikin tsari, sai wasu suka abka wa siffofin suna farfasawa. Wannan hargitsi ne ya dawo da Luta gari a ranar 6 ga Maris.

Abin lura a nan shi ne, Luta bai ce dukkan canje-canjen kuskure ba ne. Hanyar da aka bi ita ce ya soka. A ganinsa, mai wa'azi yana iya kai magana kunnen mutum, amma shigar da ita zuciya aikin Allah ne shi kaɗai. Wanda aka tilasta wa barin al'adar da ya gada, jikinsa ne ya bi, zuciyarsa kuwa tana inda take. Saboda haka ya nemi a yi haƙuri da raunana har Magana ta yi aikinta. Ya kafa hujja da kansa, cewa bai ɗaga wa Paparoma takobi ba, koyarwa da rubutu kawai ya yi, amma ikon Roma ya girgiza. Bayan wannan mako gari ya lafa. A shekarar 1523 ya ƙarfafa wannan ra'ayi a rubuce, inda ya nuna cewa ikon sarakuna a kan jiki da dukiya ya tsaya, bai kai ga rai ba.

Sai dai tarihi ya nuna riƙe wannan aƙida ya yi wa Luta wuya da tafiya ta yi nisa. A boren manoma na 1525 ya kira sarakuna su murƙushe masu tawaye da takobi, ko da yake ya ɗauki wannan a matsayin batun tawaye, ba na bangaskiya ba. A shekarun 1530 ya amince hukuma ta hukunta masu sake baftisma. A 1543 kuma ya yi rubutu mai zafi a kan Yahudawa, har ya nemi a ƙone majami'unsu. Shekara tara bayan rasuwarsa, yarjejeniyar Augsburg ta 1555 ta ba kowane sarki ikon zaɓa wa talakawansa tsakanin Katolika da ɗarikar Luta.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa Luta ya furta wannan aƙida ne a lokacin da shi kansa hukuma ke nemansa. Jarrabawarta ta gaskiya ta zo ne bayan ya sami goyon bayan sarakuna, kuma a nan ne ya gaza. Ke nan hujjar da ya kafa a 1522 ta isa ta zama ma'aunin da za a auna shi da ita a shekarunsa na ƙarshe.