Zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo

Zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ita ce gidan da ke riƙe da sarautar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Asalinsu Fulani Toronkawa ne, kuma masana nasaba suna kai salsalarsu ga Musa Jokollo, wanda ya taso daga Futa Toro ya sauka ƙasar Ƙonni. An haifi Shehu a Maratta a 1754, ya rasu a Sakkwato ranar 20 ga Afrilu 1817.

Ɗansa Muhammadu Bello ya gaje shi, sai wani ɗan Shehu, Abubakar Atiku, a 1837, kuma galibin sarakunan baya daga gidajen waɗannan biyun suka fito. Ibrahim Dasuƙi, wanda ya yi sarauta daga 1988 zuwa 1996, daga gidan Buhari ɗan Shehu ya fito. Sa'ad Abubakar na Uku, daga gidan Bello, ya hau karaga ranar 2 ga Nuwamba 2006.