Abin da ya sa tantanin gaban ido yake garau: tarihin wata tambaya

Mai karatu, dubi idonka a madubi. Farin idon nan, da tantanin nan mai kama da gilashi da ya rufe baƙin ido, wanda masana ke kira koniya, da abu ɗaya aka saƙa su, wato zaren furotin mai suna kolajin. Amma ɗaya fari fat, ɗaya kuwa garau. Kaurin koniya bai wuce rabin milimita da ɗan kaɗan ba, amma ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske a ido. To me ya bambanta su?

Amsar farko mai ƙwari ta zo a 1957, daga David Maurice a Landan. Ya ce sirrin yana cikin jeri. Zaren kolajin na koniya siriri ne, kusan nanomita 30, kaurinsu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ɗaya, kamar kunyoyin gona. Don haka hasken da kowane zare ya watsa gefe, na maƙwabcinsa ya soke shi, sai mai tafiya gaba ya rage. A farin ido kuwa zaren a hargitse yake, wani kakkaura, wani siriri. Daga baya Hart da Farrell a 1969, da George Benedek a 1971, suka nuna cewa ba sai jerin ya yi tsaf ba. Matuƙar tazarar ba ta kai rabin tsawon zangon haske ba, ya wadatar.

Bayanin ya yi kyau, har ya sa aka yi shekaru ana kau da kai daga wani abu. Ai koniya ba zare kaɗai ba ce. A tsakanin shimfiɗun kolajin akwai sel masu rai, keratosait, kwance a baje. Me ya hana su tare haske?

Bakin zaren ya fito ne daga wani wuri dabam, madubin cikin ido. A 1987 aka gano cewa ɗaya daga cikin furotin ɗin da ke sa madubin idon agwagwa ya zama garau, waɗanda ake kira kiristalin, ashe enzayim ne da aka daɗe da sani yana aiki a tsoka. Joram Piatigorsky ya bi wannan sawu: furotin ɗaya, aiki biyu. Wajen 1990 kuma aka tabbatar cewa wani furotin da ya cika koniyar saniya shi ma enzayim ne, ALDH3A1.

A 1999 James Jester da abokan aikinsa suka haɗa lissafin a idon zomo. Suka ga enzayim biyu, ALDH1 da taransketolas, sun kai kusan kashi 30 cikin 100 na furotin mai narkewa a cikin keratosait. Wannan cunkoso, a fahimtarsu, shi ke daidaita yadda cikin sel ke lanƙwasa haske, har jikinsa ya ɓace wa gani. Da suka ji wa koniyar rauni, sai sel ɗin suka rikiɗe don gyara, furotin ɗin nan suka ragu, wurin ya yi hazo. Ka ga ke nan farin tabon da muke kira hakiya, wanda miki ko kyanda kan bari a idon yaro, ba hargitsewar zare kaɗai ba ne, su ma sel ɗin da suka zo ɗinki suna da hannu.

Sai dai kada ka ɗauka magana ta ƙare a nan. A 2002 ɗakin binciken Piatigorsky ya fitar da ɓerayen da aka cire musu ALDH3A1 gaba ɗaya, koniyarsu kuwa ta fito garau. A ganinmu wannan gwaji ya fi na baya koyarwa, domin ya mayar da hankalin masana ga ɗaya aikin enzayim ɗin: tsotse hasken ultrabayolet na rana, da kawar da gubar da yake haifarwa. A 2007 aka nuna cewa ɓerayen da suka rasa shi suna saurin kamuwa da yanar ido, wato ɓarnar ta faɗa kan madubin da ke bayan koniya.