Yadda ake toshe ɓaraka a tsohuwar manhajar Linux

Babbar kwamfuta guda kan raba kanta zuwa ƙananan kwamfutoci da dama, kowacce da mai ita. A manhajar Linux, sashen KVM ne ke wannan rabo tun shekarar 2007.

Idan katangar da ke tsakaninsu ta tsage, mai kutse a ɗaya zai iya leƙa bayanan maƙwabtansa. An ga girman wannan haɗari a watan Janairun 2018, lokacin da aka bayyana ɓarakar Meltdown da Spectre.

Bisa ƙa'ida, sai gyara ya fara shiga sabon zubin da Linus Torvalds ke kula da shi, sannan su Greg Kroah-Hartman su daidaita shi da tsofaffin zubi, kamar yadda aka yi wa 4.4 da 4.9. Aiki ne mai wuyar sha'ani, domin facin da aka yanka wa sabuwar riga ba lallai ya zauna a tsohuwa ba.

Sai dai kowane zubi na da wa'adi. Na CentOS 7 ya cika a watan Yunin 2024, saboda haka duk ofishin da ke amfani da shi, a Dutse ne ko a Landan, ya daina samun gyara daga masu shi.