Ɗakin Cin Abinci a Tarihin Rayuwar Jami'a

Idan muka waiwayi rayuwar ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a Zariya a 1962, za mu tarar ɗakin cin abinci ma aji ne. A nan Bayarabe da Ibo da Tibi kan tsinci Hausa daga bakin abokai, ba allo ba alli. Gwamnati ke tallafa wa abincin, saboda haka ɗan talaka ya sami sukunin karatu. A 1978 aka ƙara kobo 50 kan kuɗin abincin yini. Ɗalibai suka yi bore, aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Daga bisani tallafin ya gushe, teburin ya watse, mu kuwa masu tsara manhaja ba mu yi wa wannan aji madadi ba.