Iskoki Masu Kakin Soja: Yadda Babule Suka Ɓullo a Ƙasar Kurfai

A wasu tsofaffin garuruwan Turai, labarin fatalwa sana'a ce. A York ta Ingila ko Edinburgh ta Sikotilan, baƙo yakan biya kuɗi da magariba, ya bi ɗan jagora lungu-lungu, ana nuna masa gidan da aka ce kurwar wani mamaci ta ƙi tashi. A Filinge babu mai wannan ciniki. Amma ƙasar Kurfai ta haifi iskokin da sunansu ya kai har Turai, kuma su ba a kango suke zama ba, mutane suke hawa.

Filinge tana ƙasar Kurfai, cikin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Kurfayawa Hausawa ne da suka zauna tsakanin Zabarmawa da Buzaye, kuma kafin zuwan Nasara ba su da sarki guda mai juya ƙasar duka. Kowane gari da manyansa, ga kuma masu kula da iskokin ƙasa. Da Faransawa suka iso a farkon ƙarni na 20, sai suka ɗora wani mayaƙi da ya ba su hannu, Gado Namalaya, a kan Kurfai baki ɗaya. Ta hannunsa ake karɓar lanho, ta hannunsa ake ɗiban mutane aikin dole. Talaka kuwa ba ya da inda zai kai kuka, don wanda zai kai wa ƙara shi ne ya naɗa wanda zai kai ƙarar.

A 1925, a garin Shikal kusa da Filinge, wani iska da ba a san shi ba ya hau wata mata mai suna Shibo. Ya ce shi ne Gwamna Maliya, daga Bahar Maliya ya fito. Ba a daɗe ba wasu suka biyo shi: janar, kyaftin, likita, kofur na gardi, da babbansu da ake kira Istambula. Zabarmawa suka ce musu Hauka, Hausawan Arewa ta wajen Dogon Dutsi suka ce Babule.

'Yan bori sun saba da iskokin daji da na ruwa, da malamai da sarakuna. Waɗannan dabam suke. In sun hau dokinsu, sai ka ga ido ya firfito, baki yana kumfa, mutum yana taku irin na soja, yana sara wa na gaba da shi, yana daka tsawa da gurɓataccen Faransanci. Sukan riƙe bindigar itace, su kama wuta da hannu, su goga ta a jiki. Samari da 'yan mata suka yi ta shiga, har wasu suka bar garuruwansu suka kafa nasu zama, suka ƙi biyan lanho, suka ƙi jin kiran Gado.

Gado ya kai maganar Yamai. Kwamandan na lokacin, Horace Crocicchia, mutumin tsibirin Korsika, ya sa aka kamo Shibo da mabiyanta kusan 60, aka kulle su, aka yi ta dukansu don su ce iskokin ƙarya ne. A bakin 'yan Babule, labarin bai ƙare a nan ba. Sun ce cikin kurkukun wani sabon iska ya sauka, ya rushe bango, mutane suka fita. Wannan iska shi ne Kwamandan Mugu, wato Crocicchia da kansa, yana raye yana ofis, amma an riga an sa shi cikin jerin iskoki. Daga baya ya zama gwamnan Gine, sunan da Kurfayawa suka laƙaba masa kuwa ya fi muƙamin nasa daɗewa.

Duka bai kashe abin ba. Zuwa 1927 ya bazu cikin Arewa, wajen Dogon Dutsi. 'Yan cin rani kuma suka tafi da shi Gwalkwas, wato Ghana ta yau, inda iskokin suka ƙaru da sababbi, har da direban jirgin ƙasa. Can kusa da Akara ne Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a 1954. Da aka fara nuna shi a Faris, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi, ɗaliban Afirka ma suka fusata, don an nuna baƙar fata suna kumfar baki suna cin naman kare. Hukumomin Ingila suka hana nuna shi a Gwalkwas. Duk da haka ya ci kyauta a Venis a 1957.

Masana sun yi ta ja-in-ja a kan ma'anarsa. Finn Fuglestad, a wani rubutu na 1975, ya ɗauke shi tawaye ga sarautar da Nasara ya ƙaƙaba. Paul Stoller, a littafinsa na 1995, ya ga yadda jiki ke riƙe da tarihin mulkin mallaka. A ganina duk suna da gaskiya, sai dai akwai abin da ake saurin mantawa: su masu abin ba wasan kwaikwayo suka ce suna yi ba. A wurinsu iskoki ne na gaske, masu korar mayu da kama ɓarayi, kuma aikin da aka fi saninsu da shi ke nan a ƙauyuka bayan Nasara ya tafi a 1960.

Yau wa'azi ya yi ƙarfi, malamai suna kiran bori shirka, mutane da yawa ba sa son a danganta gidansu da shi. Wannan hukunci na addini ne, kuma yana da masu shi. Amma abin da ya faru a Shikal a 1925 tarihin Kurfai ne, kuma akasarin abin da aka rubuta a kansa baƙi ne suka rubuta, da Faransanci da Ingilishi. Ya kamata ɗaliban tarihi na Jami'ar Abdou Moumouni, musamman 'ya'yan Kurfai, su je Shikal da Filinge su naɗi abin da tsofaffi suka ji daga iyayensu, su rubuta shi da Hausa.