Amfani da Sana'o'in Fagge da Sabon Gari Wajen Warware Tambayoyin Motsi, Ƙarfi da Makamashi a Darasin Fiziks

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilin da ya sa ɗalibin babbar sakandare yakan haddace dokokin Newton amma ya kasa aiki da su da zarar tambaya ta sauya kama. An ɗauko misalai 3 daga sana'o'in ƙaramar hukumar Fagge, wato tuƙin adaidaita sahu, turin kurar ruwa da dako, aka warware su bisa matakai 4. Nazarin ya nuna cewa kuskure yakan auku tun kafin a kai ga lissafi, a wurin tantance ƙarfin da ke aiki a kan abu.

1.0 Gabatarwa

Fagge tsohon zangon fatake ne, Sabon Gari kuma ya kafu bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911. Har yau ɗaukar kaya da jigila su ne rayuwar yankin, daga Kantin Kwari zuwa Kasuwar Abubakar Rimi. Yaron da ya tashi a nan, Bahaushe ne ko Bayarabe ko Ibo, ya san yadda kura ke gardama kafin ta motsa. Sai dai idan ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO, wannan sani bai cika taimaka masa ba, wani lokaci ma shi ke ɓatar da shi. Manufar maƙalar ita ce nuna yadda malami zai mayar da wannan sani tsanin fahimta.

2.0 Waiwaye

Chi, Feltovich da Glaser (1981) sun gano cewa masu koyo kan rarraba tambayoyin fiziks bisa abin da ido ya gani, kamar gangara ko igiya, ƙwararru kuwa bisa ƙa'idar da za ta warware su. Halloun da Hestenes (1985) sun nuna cewa ɗalibai da yawa kan shigo aji da imanin cewa motsi ba ya ɗorewa sai da ƙarfi mai tura shi, ra'ayin da ya saɓa wa dokar farko da Newton ya wallafa a 1687. Hake (1998) ya nazarci ɗalibai fiye da 6,000, ya tarar cewa azuzuwan da ake muhawara da aiki tare sun samu ci gaban da ya kai kusan ninki biyu na azuzuwan lacca zalla. Ayyukan nan a Amurka aka yi su, amma darasinsu ya shafi Kano.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na ƙa'ida ne, kuma alƙaluman da ke cikin misalan ƙiyasi ne da aka zaɓa don sauƙin lissafi. An ɗauki jan ƙasa a matsayin g = 10 m/s². Matakan su ne: ɗalibi ya faɗi abin da ke faruwa da bakinsa, ya zana abin tare da kibiyoyin ƙarfi, ya zaɓi ƙa'ida sannan ya yi lissafi, ya auna amsar da hankali.

4.0 Nazari

4.1 Motsi: Birkin Adaidaita Sahu

A ɗauka adaidaita sahu yana gudun kilomita 36 a awa a titin Murtala Muhammad, wato mita 10 a sakan, birki kuma yana rage masa mita 5 a sakan cikin kowane sakan. Da v² = u² + 2as, zai tsaya bayan mita 10. Idan gudun ya kai kilomita 54 a awa, wato mita 15 a sakan, nisan zai zama mita 22.5. Gudu ya ƙaru da rabi, amma nisan tsayawa ya haura ninki biyu, domin gudun ana ninka shi da kansa ne. Ɗalibin da ya fara faɗin hasashensa, mai yiwuwa mita 15, shi ne zai ji nauyin wannan bambanci.

4.2 Ƙarfi: Kurar Mai Ruwa

Kura mai jarka 12, kowace lita 25, tana ɗauke da kilogiram 300 na ruwa, tunda lita guda tana daidai da kilogiram guda. A ƙara kilogiram 50 na kurar, ya zama 350. Idan mai ruwa yana turawa da ƙarfin niyutan 70 kuma gudun bai sauya ba, nawa ne ƙarfin gogayya? Hankalin yau da kullum zai ce bai kai 70 ba, tunda kura tana tafiya. Zane zai nuna kibiyoyi biyu masu tsawo ɗaya suna fuskantar gaba da baya: gogayyar niyutan 70 ce cif. Rarar ƙarfi ba a bukatarta sai wajen sauya gudu. Don kurar ta tashi daga tsaye ta kai mita 1 a sakan cikin sakan 5, F = ma yana ba da rarar niyutan 70, wato turin niyutan 140 gaba ɗaya idan gogayyar ba ta sauya ba. Shi ya sa tashin farko ya fi wuya, abin da kowane mai ruwa ya sani a kafaɗarsa.

4.3 Makamashi: Ɗan Dako a Kantin Kwari

Ɗan dako ya hau da dilar atamfa mai kilogiram 50 zuwa bene mai tsayin mita 4. Aikin da ya yi wa dilar shi ne mgh, wato jul 2,000. Ko matakalar ta miƙe ko ta yi kwana, amsar ɗaya ce, domin tsayi kawai ake dubawa. Idan dilar ta suɓuce daga sama, makamashin nan zai koma na motsi: ½mv² = mgh, sai ta iso ƙasa da gudun kusan mita 9 a sakan. Nauyi ya fita daga lissafin, don haka ƙaramar dila ma da wannan gudu za ta iso, muddin iska ba ta yi tasiri ba. Nan ɗalibi zai ga cewa ƙa'idar makamashi ta gajarta hanya, ba sai ya nemi lokacin faɗuwa ba.

5.0 Kammalawa

A duka misalan uku lissafin bai wuce layi biyu ba. Wahalar tana wurin hasashen farko, wanda titi da kasuwa suka dasa wa ɗalibi. Don haka maƙalar na ba da shawarar malamai su riƙa neman wannan hasashe a fili, su bar ɗalibi ya bayyana shi da harshen da ya fi iyawa, su kuma ba zanen ƙarfi maki nasa na daban. Ana kira ga masu bincike a Jami'ar Bayero da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi da su gwada waɗannan matakai a makarantun Fagge, da jarrabawa kafin darasi da bayansa, domin a auna tasirinsu da hujja.