Hasumiyar Fitila: Tarihinta a Bakin Teku da Takwarorinta a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Yaron da ya tashi a Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura, yana iya tsufa bai taɓa ganin teku ba, balle dogon ginin nan da ake kunna wa fitila a bakin gaɓa domin jiragen ruwa. Saboda haka akan ɗauka abin baƙo ne ƙwarai ga Bahaushe. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ginin ne kaɗai baƙo, amma bukatar da ta haife shi tsohuwa ce a ƙasar Hausa.

Tarihinta a Bakin Teku

Wadda ta fi shahara ita ce ta Iskandariyya a Masar, da aka kammala a tsibirin Faros wajen shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Tsawonta ya haura mita 100, kuma wuta ake hurawa a ƙololuwarta da dare. Girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 suka raunana ta. Ibn Battuta ya gan ta a 1326, da ya komo a 1349 sai ya tarar ta zama kango. A 1477 Sarkin Masar Ƙayitbai ya soma gina sansanin yaƙi a gurbinta.

Daga bisani Turawa suka ɗauki wannan aiki. A Ingila an kafa hasumiyar katako a kan dutsen Eddystone a 1698, amma guguwar 1703 ta tafi da ita har da maginin, Henry Winstanley. A 1759 John Smeaton ya gina ta dutse, kowane dutse ya sarƙe da ɗan'uwansa. A 1823 kuma aka ɗora gilashin Augustin Fresnel a hasumiyar Cordouan ta Faransa, wanda yake tattara hasken fitila ya harba shi nesa. Kowace hasumiya tana da irin ƙiftawarta, ta yadda matuƙi zai ƙirga ya san gaɓar da yake dosa.

A Afirka ta Yamma akwai ta Dakar, wadda aka gina a 1864, da ta Ankara a ƙasar Gana, da ta mashigin Ikko. A nan ne Hausawa suka sadu da ita ido da ido, domin a farkon ƙarni na 20 fataken goro, irin su Alhassan Ɗantata, sun koma loda kayansu a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko.

Abin da Suna ya Nuna

A Larabci kalmar manara, wato wurin haske ko wuta, ita ce sunan hasumiyar teku, ita ce kuma ɗaya daga cikin sunayen hasumiyar masallaci. Wannan ba haɗuwar banza ba ce. Halifofin Abbasiyya sun kafa alamomi da wuraren hura wuta a hanyar mahajjata daga Kufa zuwa Makka, domin hamada ma teku ce ga wanda ya ɓata a cikinta. Hausa ba ta ɗauki manara sosai ba, ta ɗauki hasumiya daga sauma'a, amma ma'anar dogon gini mai shiryarwa ta biyo ta.

Takwarorinta a Tudu

Ayarin da ya ƙetaro Sahara ya nufo Agadas yakan fara hango hasumiyar masallacin garin, wadda aka gina a 1515, aka sabunta a 1844, mai tsawon mita 27. A Katsina akwai Gobarau, wadda tarihin baka yake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, ta yi aikin kiran salla da na hangen abokan gaba. A Kano kuwa Dala da Gwauron Dutse ne suke sanar da baƙo cewa ya iso.

Ƙasar Kazaure ba ta bukaci gini ba. Wanda ya taso daga Kano ya nufi Daura, sararin fili yake bi har ya hango duwatsun Kazaure, na Roni kuma suna yamma da su. Ɗantunku ne ya kafa masarautar wajen 1819, ɗansa Dambo kuma ya mayar da gadon sarauta Kazaure, inda duwatsu suka zame wa gari kariya. Dutsen da mai gadi yake hawa don hangen mahara, shi ne matafiyi yake hange don sanin hanya. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Babura, kan hanyar Damagaram, kuka da rimi da rijiya ne alamomin madugu da jagaba, da dare kuma taurari.

Kammalawa

A 1998 aka sallami masu gadi na ƙarshe a hasumiyoyin Ingila, injuna suka gaje su, na'urar tauraron ɗan'adam kuma ta rage dogaro da fitila. Duk da haka al'ummomin bakin teku suna adana gine-ginen, domin ginin da aka yi don ceton baƙon da ba a sani ba yana da wuyar mantawa. A ƙasar Hausa kuwa ana sare kukoki, ana fasa duwatsu don tsakuwa, dattawan da suka san sunayen zanguna suna ƙarewa. Ya kamata manazarta su tattara waɗannan sunaye tun da sauran masu faɗa. Malamin da zai koyar da hasumiyar fitila a Roni kuwa, ya fara da fitar da ɗalibansa waje su dubi dutsen garinsu.